Daron da Aka Hana Ni Rufewa

Daren Laraba, watan Sha'aban, shekarar fari.

Ni Malam Sule na Ƙofar Wambai, wanda hukumar ruwa ta danƙa wa amanar daron awon ruwa da ake ajiyewa a rana, yau kaina ya ɗaure. Aikina kullum da safe in sa rula in rubuta abin da ya ragu. Kwanakin baya da na ga rana tana shanye ruwan daron, alhali mata suna faɗa a bakin rijiya, sai na rufe shi da tabarma, yadda kowane gidan mutunci yake rufe randa.

Yau Injiniyan hukumar ya zo rai a ɓace. Wai hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ƙasar Kano tana ƙafewa, amma awona ya ce ko ɗigo ba ta rasa ba.

"Haba Malam Sule! Asarar ruwan da rana take shanyewa muke aunawa. Da ita za a san ruwan da za a sako wa manoma daga dam. Ka sake rufewa, a bakin aikinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato in zuba wa ruwa ido ya gudu?"

Ya ce, "Ƙwarai."

Na yaye tabarmar. Gobe zan cika daron in miƙa wa rana, mata suna kallona da tulunansu. Allah Ya sa ba alhaki nake rubutawa ba.