Birkin da Zai Kai Ni Wurin Takwarata

Zuwa ga jikana Colby,

Gaisuwa mai yawa daga Nebraska, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Marisol da 'yar takwarata Verna ƙarama, wadda har yau hotonta kawai nake sumbata a jikin firji. Allah ya raya ta, ya ba ta hankalin uwarta, don in naka ta ɗauko sai dai mu yi haƙuri. Mu nan lafiya lau. An yi ruwa, filin kiwo ya yi kore shar, gwiwata ta hagu kuma tana nan da halinta. Kakanka Delbert likita ya hana shi gishiri, sai ya koma ɓoye shi a aljihun riga, a zatonsa ba ni ke wankin ba.

Maganar tsohuwar koriyar motar da ya yi maka alkawari ce ta sa na zauna rubutu. Na ji abin da kuka ƙulla a waya: wai za ka zo kai kaɗai da akori-kurarka, ka kwana ɗaya, ka ɗora motar a 'yar tirelar kakanka ka ja ta zuwa Idaho, jaririya kuwa a bar ta gida don hanya ta yi mata nisa. Wato ni in soya maka kaza, in kalli ƙeyarka, shi ke nan. Ja'iri, ko a coci an fi haka daɗewa. Shi kuma tsohon ka san shi, rabonsa da fita gundumar nan tun bikin ubanka. In na ce mu je, sai ya ce wa zai duba shanu, alhali shanun ya sayar da su tuni, saniya ɗaya ta rage, ita ma ba ta kula shi.

To, birkin tirelar ya mutu, sai an sa sabo. Da kakanka zai tafi garejin Arlo makanike na ce zan raka shi in sayi zare. Arlo ya goge hannu ya yi mana bayani. Ya ce iri biyu ne. Akwai mai kamawa da kansa, wanda da zarar mota ta rage gudu tirelar ta turo ta daga baya, sai ya damƙe. Ba ya buƙatar komai a cikin mota, sai dai in za ka yi ribas a kan tudu yakan cije ya ƙi, kuma a doguwar gangara yakan ɗauki zafi. Akwai kuma na lantarki, wanda sai an sa wani ɗan akwati mai maɓalli kusa da sitiyari, direba ya riƙa ƙara masa ƙarfi ko ragewa. Motar da ba ta da akwatin, sai dai ta ja tirelar ba birki. Kakanka ya ce a sa na farkon, shi ka ce kana so, shi kuma ba ya son abin da ke da waya a jiki.

Ni ina gefe riƙe da jaka kamar ba na wurin. Sai na tambayi Arlo, cikin murya irin ta tsohuwar da ba ta san komai ba, na ce wato mai kamawa da kansan nan kowace mota za ta iya ja, har irin ta ƙanena Merle? Arlo ya ce ƙwarai kuwa, ɗaurawa kawai zai yi ya tafi. Colby, da ka ga fuskar kakanka. Ka dai san Merle. Tsaninmu yana gidansa tun kana rarrafe, injin yankan itace ya je bai dawo ba, har kwat ɗin da Delbert ke zuwa jana'iza da shi sai da ya ara, ya dawo da shi da miya a wuya. Kakanka ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar, ya ce, “Arlo, sa mai wayar.” Zaren ma na manta ban saya ba.

Sai da muka zauna cin abinci na ce, af, ita akori-kurar Colby tana da akwatin kuwa? Cokali ya tsaya masa a hanya. Ya kalle ni ya ce, “Verna, ke dai ba a banza kike zuwa sayen zare ba.” Na ce ni me na sani game da birki, ya ci wakensa kafin ya huce. Ya ce ai kai ma za ka iya sa akwatin, ba wani abu ba ne. Gaskiya kuwa ya faɗa, shirina ya kusa rushewa. Amma Allah ya taimake ni, akwatin da Arlo ya sa masa a tasa akori-kurar ya shiga ransa. Kullum da hantsi sai ya ja tirelar ba kaya zuwa gangaren maƙabarta, ya sauka ya hau, yana murɗa maɓalli yana gyaɗa kai, har matar fasto ta tambaye ni ko wurin kabarinsa yake zaɓa. Yanzu cewa yake yaro irinka, da ke taka birki kamar mai kashe kunama, ba zai sauko da motarsa daga duwatsun Wyoming ba. Saboda haka ka saurare ni da kyau: kada ka kuskura ka sa akwatin nan. In ya kira ka, ka ce abin ya fi ƙarfinka. Ba ƙarya ka yi ba, na ga yadda kake ribas.

Saura labarin Merle. Ranar Asabar sai ga shi, wai a ba shi aron tirela ya kwaso wata matacciyar tarakta. Kakanka har da gyara tsayuwa, ya ce masa ayya, suruki, motarka ba ta da akwati. Merle ko a jikinsa, ya ce ba komai, sai a haɗa masa da akori-kurar kakanka. Delbert ya ce ba mai taɓa masa maɓalli. Merle ya ce to madalla, sai ya zo ya tuƙa da kansa. Haka aka yi. A da su tsani kawai yake ara, yanzu ya ari tirela da mota da mai motar, ni kuma na haɗa musu abincin rana. A hanya ne ya ji zancen Idaho, ya ce bai taɓa zuwa ba, kuma tafiya mai nisa tana son direba na biyu. Wannan kam ba ya cikin shirina, amma ƙanena ne, ba yadda zan yi da shi.

To ga yadda ake ciki. Muna tafe bayan an gama yankan ciyawa, mu uku da koriyar mota a baya. Ku tanadi gado biyu, ka kulle kayan aikinka, makullin kuma ka ba Marisol. Kakanka har yanzu yana gunaguni, wai an yi masa dabara, wai ni da ɗan'uwana duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Amma jiya na buɗe but ɗin koriyar motar zan sa kwalaben tuffa da na dafa muku, sai na tarar da 'yar kujerar katakon nan da ubanka ya zauna a kai yana yaro, an goge ta an yi mata sabon fenti, an naɗe ta da bargo. Kujerar nan a gidan Merle take tun haihuwar 'yarsa ta fari. Yadda aka yi tsohon ya ƙwato ta ban sani ba, amma ita ce abu na farko da ya taɓa dawowa lafiya lau daga gidan can. Na rufe but ɗin a hankali, ban ce na gani ba. Kai ma in ya fito da ita ka yi mamaki sosai.

Ka gaishe min da Marisol da kyau, ka ce kada ta wahalar da kanta da girki, ina zuwa da hannuwana. Ka gaida iyayenta, Ramiro da Ofelia. Gwaggonka Darlene tana gaishe ku, ita za ta duba saniyar. Takwarata kuma ka raɗa mata a kunne cewa kada ta yi saurin girma, wata tsohuwa mai sunanta tana hanya, kuma birkinta mai kyau ne.

Kakarka da ta fi ka wayo,
Verna