Fara da na Japan, Ka Aiko Min na Sin

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya sanyin Jos, ya Hajiya da yara? Mu nan unguwar Madabo lafiya lau.

Albishirinka! Tunda soja suka koma bariki kaya ke shigowa, har na tsinci cikon jerin littattafan Turancin nan na labarin Asiya a gwanjo. Kullum bayan la'asar nake fassara wa 'yan rumfarmu a kasuwar Kurmi.

Kada ka bi yadda aka buga su, bi zamanin da labaran suka faru: fara da na Japan, ga shi na ba direban da zai kawo maka wasiƙar nan. Don amfaninka nake faɗa! Na Sin da ke hannunka kuwa, ba shi ya taho da shi, don shi ne na gaba a fassararmu. Alhaji Bala baduku ya rantse in ban ci gaba ranar Asabar ba, rediyo zai kunna musu.

A sa mu a addu'a, a gaida Inna.

Ƙaninka,
Habu