Makullin Cocin Bayan Tasha

Lahadi, 2 ga Oktoba, 1966

Malam Obiora, katakis ɗinmu mai koyar da addini a coci, ya tafi jiya da matarsa Nkem. Duk mutanensu 'yan Gabas sun watse daga Keffi, kowa na gudun ransa. Yana hawa mota ya danƙa mini makullin coci. Yau na buɗe, na share, na buga ƙarfen ƙafar motar nan da ke rataye a mangwaro, wanda muke kira ƙararrawa. Mu uku muka yi addu'a: ni, mijina Dogara, da wata tsohuwa 'yar Agwada. Ina durƙushe na ji a raina sarai: Filomina, kada ƙofar nan ta rufu. Na ce to.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, 1966

Dogara ya sami aikin akawu a Jos, kujerar wani da ya gudu. Ya ce in haɗa kaya. Na ce coci fa? Ya ce, “Ke katakis ce? Fada ma, da yake limami, sai wata uku yake leƙo mu.” Na ce, “Maigida, ba Fada ne ya kira ni ba.” Ya ce to wa? Na nuna sama. Ya yi dariyar da ta fi zagi zafi.

Litinin, 21 ga Nuwamba, 1966

Ya tafi. Ko a jikina.

Lahadi, 9 ga Yuli, 1967

An fara yaƙi. Tsohuwar Agwada ta rasu, yau ni kaɗai ce. Na buga ƙarfe da ƙarfi har hannuna ya yi tsami, na karanta Bishara a fili, benci goma sha biyu suna saurare. Maƙwabciyata Huraira ta leƙo ta katanga, wai, “Filo, jemagu kike wa wa'azi?” Na ce ai sun fi wasu zuwa a kan lokaci. Ta ce, “Taurin kanki ya isa, amma Allah ya ba ki lada.” Ita da ke sallarta biyar ta fahimce ni, mijina ɗan'uwana cikin bangaskiya kuwa bai gane ba. Abin haushi!

Litinin, 4 ga Maris, 1968

Dogara ya zo kwana biyu. Ya rame, wa ke dafa masa? Ban tambaya ba. Ya ce dangi na cewa ya auri gini. Na ce su ce. Ya zauna a bencin baya jiya, ya ƙi yin waƙa, amma na ga leɓensa na motsi. Yanzu mu tara ne, har da ma'aikatan hanya biyu daga Garaku.

Asabar, 14 ga Maris, 1970

Nkem ta dawo, ita kaɗai, duk ta zama ƙashi. Malam Obiora ya mutu tun shekarar farko ta yaƙi. Na riƙe ta muka yi ta kuka. Da muka natsu na tambaye ta, ya taɓa maganar makullin? Ta ce, “'Yar'uwa, bai taɓa ba. Ya ɗauka an ƙone wurin tuntuni.” Shekara uku da rabi ina cewa a raina idan ya dawo zan miƙa masa, in sauke nauyi. Ashe ba mai zuwa karɓa. To, da ma ba shi ya kira ni ba.

Laraba, 18 ga Maris, 1970

Takardar Dogara. Yaƙi ya ƙare, hujjata ta ƙare, in iso Jos kafin Ista, in ba haka ba zai aika wa iyayena cewa ya haƙura. Fada ya ce ba katakis ɗin da zai turo sai baɗi, watakila. Nkem ba ta iya tsayuwar minti biyar. Mutum talatin da ɗaya muke yanzu, bakwai ina koya musu don baftisma. In bar su wa? Na rubuta masa layi ɗaya: ba zan iya ba. In ya so ya yi abin da ya ga dama.

Litinin, 30 ga Maris, 1970

Ista ta wuce. Coci ya cika har waje, Nkem ta yi waƙa da harshensu, kowa ya share hawaye. Ban yi nadama ba, in sake faɗa, ban yi ba.

Da la'asar na je tasha, don sayen albasa kawai. Motar Jos ta iso, na tsaya har mutum na ƙarshe ya sauka. Na dawo ba albasa.

Ya Ubangiji, ban taɓa roƙonka komai a kan wannan ba. Naka na riƙe. Ka dawo mini da mijina.