Kyamarar da Ta Ga Kan 'Yardada Ba Ɗankwali

Anti Mardiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma ba maganar da zan kai wa abokan sana'a ba ce, dariya za su yi mini.

Ni mai ɗaukar hoto ce, a Kabara nake zaune. Aikina na cikin gida ne: kamu, suna, walimar sauka, duk inda namiji ke tsayawa a zaure ni wucewa nake yi. Na fara da kyamara mai fim shekarar da soja suka koma bariki. Bayan zaɓe na biyu maigidana ya sa aka taho mini da ta dijital, baƙa, ƙatuwa, nauyinta kamar ɗan dutsen niƙa. Yanzu na yi sabuwa, tsohuwar ta koma ta ko-ta-kwana, kullum tana rataye a kafaɗata don kada sabuwar ta ba ni kunya ana tsakiyar kamu. To kin san lungunanmu, wani wurin ko ɗan acaɓa sai ya sauke ki. Kafaɗata ta dama ta fara ƙin ɗaguwa, likita ya ce ko in rage kaya ko in rage aiki. Shi ne na yi niyyar sayar da tsohuwar in sayi mara nauyi. Har na sami mai saye, Tajuddeen, mai shagon hoto a Ƙofar Ɗan Agundi, mutumin kirki ne.

Nan matsalar ta taso. Akwai wata dattijuwa a Madabo, 'Yardada, ita ce ta kama hannuna ta shigar da ni gidajen malamai. Da can ba sa yarda da hoto, saboda fim sai an kai wa maza sun wanke. Da ta ga wannan nan take ake gani, wanda ba a so a goge, kuma a ɗakina nake bugawa, sai ta tsaya mini. Da labarin cinikin ya kai mata, sai ta aiko mini cewa kyamarar da ta ga matan gidansu ba mayafi, ta ga kanta ba ɗankwali, ba za ta koma hannun namiji ba. In kuwa ta koma, in nemi wasu gidajen. Anti, in 'Yardada ta rufe mini ƙofa, rabin Madabo ne ya rufe.

Na so in ce mata ai na goge komai daga cikin kyamarar, amma ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, don har yau wannan na'ura mamaki take ba ni. Ranar da na fara shiga da kyamarar gidansu, yayar 'Yardada, Nana Hauwa, tana bakin ɗaki ana yi mata kitso. Ta kusa casa'in, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, madubi ma ta daina dubawa tun rasuwar malam mijinta. Na ɗauka, na juya mata ɗan gilashin baya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa yatsa ta shafa fuskar, ta ce wannan ai innarsu ce, wadda ta rasu tun zamanin Turawa. Mai kitso ta saki gashin. 'Yardada ta leƙo, ta ga abin da yayarta ta gani, ta zauna daɓas kusa da ita, ɗankwalinta ya zame ba ta ma damu ba, ta ce in haɗa su a hoto ɗaya. Wallahi, ƙarfe da gilashi, a ce sun dawo wa tsofaffi biyu da fuskar uwarsu, ikon Allah ya wuce tunanin mutum. Nana Hauwa ta rasu daminar da ta biyo baya. Tun daga nan in na ɗauki kyamarar sai in ji kamar abin da ta gani yana nan a cikinta, ko da yake na yi makaranta, na san ba haka ba ne.

In sayar ko in haƙura? In kuma zan canza, wasu sun ce in sayi ƙaramar nan ta aljihu in huta.

Taki, Mai Hoton Cikin Gida, Kabara.

Ƙanwata Mai Hoto, na karanta wasiƙarki, ni ma sai da na ajiye biro a wurin Nana Hauwa. Allah Ya jiƙanta.

Kafaɗarki tana da gaskiya, da ita kike neman abinci, kada ki jira sai ta kwantar da ke. 'Yardada ma tana da gaskiya, wurin da hoton yake zama ne kawai ta kuskure. Irin babbar kyamararki ba ta riƙe hoto a jikinta, a ɗan katin da kike sa mata yake sauka. Katin nan kuwa, ko kin goge, wanda ya san kwamfuta yana iya dawo da abin da ke ciki. Saboda haka ki sayar da kyamara, amma kati ko ɗaya kada ya bi ta, ko da Tajuddeen ya ce a haɗa masa.

Ta aljihun da ake ba ki shawara, ki yi hankali da ita. Da yawansu suna da ma'ajiya a cikinsu, ita ce za ta iya yin abin da 'Yardada ke tsoro, kuma a ɗaki mai duhu ba ta da kataɓus. Ki nemi ƙanwar sabuwarki, ta kamfani ɗaya, don gilasanki su hau ta. Kafin ki biya, ki rataya ta ki zaga kasuwar, sannan ki gwada ta a inuwa.

Amma kada ki karɓi ko kwabo kafin ki je Madabo da ƙafarki. Ba aike aka yi ranar da ta kama hannunki ba, ke ma kada ki aika. Ki zauna gabanta, ki zare katin, ki kunna kyamarar ki miƙa mata ta duba da kanta, ta ga wayam. Sannan ki buga hoton nan nasu su biyu, ki haɗa da katunan gidansu ki damƙa mata, ta ajiye inda take ajiye abin da take ji da shi. In duk da haka ranta bai kwanta ba, ki ba Tajuddeen haƙuri, ki nemi mace mai koyon sana'ar ko da za ki yi ragi. Mai saye ba ya ƙarewa a Kano, mai shigar da ke ɗakin Nana Hauwa kuwa guda ɗaya ce.

Allah Ya ba kafaɗa lafiya, Ya bar ki da amanar da aka ba ki. Ki gaishe mini da 'Yardada.

Anti Mardiya