Takardar da Badaru Ya Kawo wa Inna Hajjo

Dingyadi, Ƙaramar Hukumar Bodinga

Zuwa ga Yaya Muhammad Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Baba ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya leƙa fadama ya ga albasa.

Abin da ya sa na rubuto maka, maganar Inna Hajjo ce. Ka san tun da 'yan bindiga suka kashe mijinta a ƙauyensu na bayan Kajiji take zaune wurinmu. Watan jiya wata lauya ta zo ta tara matan da suka yi gudun hijira a gidan mai unguwa. Ta ce doka ta tsare musu haƙƙinsu, gudu ba ya raba mace da gonarta ko gadonta. Ranar Inna har tuwo ta ci da yawa.

Kwana uku bayan nan sai ga Badaru, ƙanen marigayin, wanda ko sau ɗaya bai zo duba ta ba. Ya zo da goro da takarda, har da tawadar dangwale a aljihu. Ya ce lauyar ce ta aiko shi, Inna ta dangwala kawai. Yaya, hankalina bai kwanta ba. Yaushe Badaru ya fara tausayin Inna? Turancina bai kai ko'ina ba, amma na ga sunan Ɗanliti dillalin filaye a ciki. Da na tambaya, sai ya ce shaida ne, ya kama faɗa wai mata ba su san sha'anin hukuma ba. Na ce Inna tana da alwala za ta yi salla, ya bar takardar ya dawo gobe.

Washegari da safe na hau babur zuwa Bodinga na sami lauyar. Ta karanta ta yi salati, ta ce ba ta aiki kowa ba, takardar sayar da gonar marigayin ce. Ta raka mu gaban alƙali, aka rubuta rabon Inna da na marayunta da shaidu biyu. Badaru bai sake dawowa ba.

Sai dai har yanzu ina da shakka. Tambarin ofishin lauyar ne a kan takardar nan. Wa ya ba shi? Na tambaye ta, ta ce za ta bincika, shiru har yau. Na turo maka hoton takardun duka, ka duba da kanka. Inna ta ce ko liman ne ya kawo takarda, yatsanta ba zai taɓa tawada ba sai ta ji daga bakinka.

Ka gaishe da Kausar da su Ubaidullahi. Baba da Inna Hajjo suna sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Rashida