Malam Audi Ya Mayar Mini Da Gonar Waken Suya Gidan Horo

Baba Haliru, don Allah ka taimake ni kafin zuciya ta ɗebe ni in yi abin da zan yi da-na-sani.

Ni malamin darasin noma ne a wata sakandare a nan Kontagora. Na gaji da zana shuka a allo ga yaran da a gona aka yaye su, shi ya sa bana na roƙi fili a bayan azuzuwa muka shuka waken suya. Kowane ɗalibi da kunyarsa guda, da sunansa a jikin turke. Yaran da a da ke gyangyaɗi a ajina suka koma zuwa da zare suna auna tsawon shukarsu.

Sai ga Malam Audi, malamin ladabtarwa. Ranar Litinin ya tattaro masu latti sun fi arba'in, ya miƙa musu fartanya, ya kora su gonata wai su yi noma. Yaro da haushi da fartanya a hannu, ina ruwansa da wake ko ciyawa? Kunya goma sha ɗaya suka share. Har da ta Hadiyya, yarinyar da ta fi kowa himma, wadda babanta a Salka ya yi mata alkawarin fili in nata ya yi kyau. Tun ranar ba ta sake leƙa gonar ba, wasu ma sun cire turakunsu.

Wallahi ba waken ne ya fi ƙona mini rai ba. Ina fama in nuna musu noma ilimi ne, shi kuma ya nuna musu madadin bulala ne! Ga shi shi ya koyar da ni a aji ɗaya, ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na rubuta takardar ƙara tana aljihuna. In kai wa shugaban makaranta?

Malamin Noma, Kontagora

Ɗana, fushinka yana kan hanya, amma bar takardar nan a aljihu tukuna. Malam Audi ba shi ya ƙirƙiro wannan horo ba, gadonsa ya yi, mu ma da shi aka hore mu. Sannan ka tambayi kanka: ka taɓa kai shi gonar ka nuna masa turakun? Ina zaton a'a. Kai kana ganin aji, shi yana ganin ciyawa.

Ka je gidansa ka gaishe shi kamar yadda ɗalibi ke yi. Ka ba shi labarin Hadiyya, ka roƙe shi ya zo ya gani. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle malaminka. In ya ƙi ji, sai ka je wa shugaba da baki.

Waken da aka tumɓuke kuwa kada ka zubar. Ka sa yaran su wanke saiwar su ga ƙululun da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, darasin da ba ka iya zanawa a allo. Ku sake shuka tun ruwa bai yi nisa ba, Hadiyya ta fara jefa iri.

Sai ka nemi alfarma guda wurin Malam Audi: daga yau duk ɗan ajinka da ya yi latti, a hana shi shiga gonar kwana uku. Ranar da ka ga yaro yana roƙo a ƙyale shi ya je ya duba kunyarsa, aikinka ya yi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya huci zuciyarka.

Baba Haliru