Maganin Ntate Ba Tabar Hanci Ba Ne

Mme,

Ina gaida ki daga Ceres, nan ƙetaren iyaka. Yaya sanyin Mokhotlong, yaya ƙirjin babana Ntate? Ni ƙalau nake, aikin gonar tuffa ne dai ba ya ƙarewa.

Yayata Ausi Limpho ta faɗa min abin da kika ɓoye. Wai Ntate na zaune da abokansa na ramin zinariya, tari ya turnuƙe ɗayansu, Ntate Mokhele, sai babana ya zaro maganin shaƙarsa daga bargo ya miƙa masa kamar tabar hanci, yana cewa, "Zuƙi, mutumina, ƙura ɗaya muka sha!" Shi ma babana wai da numfashi ya sarƙe masa sai ya yi ta zuƙa, har hannunsa na rawa.

Haba Mme! Wannan maganin sau ɗaya ne a rana, kamar yadda nas ta ce. A hankali yake aiki, ba na gaggawa ba ne. Na gaggawa shi ne ɗaya maganin shaƙar, shuɗin nan, in bai yi ba a kai Ntate asibiti nan take. Mokhele kuwa ya je a auna shi.

Zai ce 'yarsa ta raina shi. Ya ce ɗin. Ki karɓe maganin, ki riƙa ba shi da safe da hannunki.

Takardar zamana ta ƙare, Mme. In na tsallaka iyaka, ba ni ba dawowa aiki. Amma in jikin Ntate ya yi tsanani aka kira ni, zan zo. Don Allah kada ku bari a kira ni.

Allah ya tsare min ku.

'Yarki,
Moleboheng